Gwangwanin Alewa

A Anfushi ba da wata muke ƙirga sanyi ba,
da iska muke ƙirgawa.
Kowace da sunanta, kamar 'ya'yan ɗaki guda.
Maknasa ke buɗe ƙofa, ta share teku tas kamar tsintsiya,
sai Ƙasim, da aka ce sunan wani yaro ne da ruwa ya ci,
sai Faida babba mai tumbatsa,
can a ƙarshe Awwa ta zo ta ja ƙyaure,
uwaye su sauke ajiyar zuciya.

Na san iska tun ban san hannun damana ba.
Ta taɓa ɗauke shanyar Innata, Nabawiyya,
ta kai wandon Baba kan hasumiyar masallaci,
ya kwana uku yana kaɗawa, ladan na dariya.
Ta taɓa tura igiyar ruwa ta haye titi
ta shiga shagon Zaglul mai gahawa,
ta zauna kan kujeru ba ta biya ko sisi ba.
Wannan duk mun saba.
Gishiri a taga, gishiri a leɓe,
tsatsa tana cin makulli.

Amma akwai wata safiya.
Shekarata bakwai, haƙorina na gaba ya fita.
Dare biyu iska na dukan ƙofa kamar mai bin bashi,
jirgin Baba bai dawo ba.
Aka ce sun fake a Rashid.
Aka ce, aka ce.
Inna ba ta kunna risho ba.

Sai iskar ta yi shiru.
Shirun ne ma ya tashe ni.
Na leƙa, na ga fari yana saukowa a hankali,
ba ya sauri, ba ya ƙara,
kamar wani a sama yana tankaɗen gari bai sa tire ba.
Ya kwanta kan tarun da aka shanya,
kan ganyen dabino, kan bayan wata mage
da ta tsaya tana mamakin kanta.
Direban tarago ya tsai da shi a tsakiyar hanya
ya miƙo hannu waje.
Teku kuwa haɗiyewa yake yi, ko a jikinsa.

Na ce Baba bai gani ba.
Na ɗauki gwangwanin alewa da babu kowa ciki,
na fita ba takalmi,
na kankaro daga kan kwale-kwalen da aka kifa
har yatsuna suka daina jin maganata.
Na rufe, na tura ƙarƙashin gado,
na kwanta a kai ina gadi.

Kafin azahar gari ya koma laka.

Har yau in tsofaffi sun zauna gun jikan Zaglul
sai gardama ta tashi.
Ustaz Ramzi ya ce ƙanƙara ce kawai, ta farfashe.
Sitti Tafida ta ce rufe mana baki, dusa ce,
a gashina ta sauka, na ji ta, ba ta da nauyi.
Ba su yarda kan shekarar ba,
ba su yarda ko Talata ce ko Alhamis ba.
Ni ba na sa baki.

Ranar Juma'a Baba Garib ya shigo,
gemu duk gishiri, tafin hannu a tsage,
ba kifi ko ɗaya.
Inna ta juya baya tana kuka tana faɗa.
Na jawo gwangwanin, na buɗe masa.
Ruwa ne, bai kai rabi ba,
da ɗan fentin jirgi shuɗi yana yawo a kai.
Na fara ɓata fuska.

Ya karɓa da hannu biyu,
ya daɗe yana kallo,
ya yi bismilla, ya shanye.
Ya ce: lallai kam, ta yi sanyi.